Wardi da Harsashi

Da asubar fari, kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Balkan,
ni da Nedyalka muna cikin gonar wardi a Kazanlak,
raɓa har gwiwa, ƙaya tana yi wa yatsunmu zane.
Buhu ɗaya, buhu biyu. Mai awo ya ɗora a sikeli,
ya ƙirgo mana tsaba kamar ana cire masa haƙori.

Ƙarfe bakwai jiniyar masana'anta take kiranmu.
Hannun nan mai ƙamshin fure
shi ne ke jera harsashi cikin akwatin katako,
ɗari bakwai, a rufe, a buga ƙusa,
a manna sunan wata tashar jirgin ruwa
da harshena ba ya iya furtawa.
Zlatko, shugaban layinmu, yana murza tafin hannu:
"Oda ta cika har shekara uku, a gode wa Allah."
Ban taɓa tambayarsa ba
gidan wa ake rushewa kafin a ƙara mana albashi.

Innata Radka tana hawa na biyu a asibitin gari.
Injin wankin ƙoda ya tsaya tun lokacin ƙanƙara.
Likita ya buɗe hannuwa: kasafin bana bai kai nan ba.
A talabijin ɗin ɗakin, can a manyan ƙasashe,
masu kwat da wando suna tafi,
sun ware biliyoyi don sabunta bam ɗin nukiliya,
wanda ake kiwo a rami kamar kura,
ana jefa mata naman asibiti da na makaranta,
ana rantsuwa cewa ita ke gadin gida.
Inna ta ce, "Kashe min abin nan, ƙafata ta kumbura."

A bana wani baƙo ya shigo tsinkar fure tare da mu.
Nizar sunansa. Ba ya faɗin garinsu,
yakan dai nuna kudu da haɓa.
Ran nan muna cin burodi da cuku a bakin gona,
ya zaro wani abu daga wuyan rigarsa,
kwanson harsashi ne ɗaure da zare.
Ya ce a ƙofar ɗakin 'yarsa ya tsince shi,
ranar da aka daina kiran sunanta a gida.

Na karɓa. Na juya gindinsa.
Na san tambarin nan kamar yadda na san tabon goshina.
Lambar shekara, lambar layi.
Layi na huɗu.
Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a layi na huɗu.

Ban ce masa komai ba. Na miƙa masa kayansa,
na ƙara masa da rabin burodina,
kamar burodi yana biyan diyya.
Nedyalka ta dube ni, ta kawar da kai.

Su masu sayarwa ba su taɓa riƙe kwanso mai ɗumi ba.
A baje-koli suke haɗuwa, ƙarƙashin fitilu,
su sayar wa wannan takobi, su sayar wa maƙwabcinsa garkuwa,
su dawo baɗi da takobin da ke huda garkuwar.
In wuta ta mutu, kasuwa ta tashi,
don haka kowa da muhucinsa a aljihu.

Washegari na tafi aiki. Me zan ce?
Maganin Inna ba ya jiran zuciyata ta wanku.
Na ɓoye fure ɗaya a aljihu,
da niyyar in sa shi cikin akwati kafin a buga ƙusa.
Na tsaya, na dube shi, na fasa.
Wanda akwatin zai iske ba ya buƙatar ƙamshi.

Furen ya yi yaushi a aljihuna har aka tashi.
Ɗari bakwai. Rufe. Ƙusa.
Kawo na gaba.